Daga Babura zuwa iyakar Nijar: Me ya sa camfi ke riga likita isa ga mai sanƙarau?

A watan Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto kan ɓarkewar sanƙarau a Najeriya. Daga Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023, an samu mutum 1,686 da ake zargin sun kamu da cutar, 124 daga cikinsu sun rasu. Kusan kashi 74 cikin 100 na waɗanda ake zargin sun kamu duk a Jihar Jigawa suke, kuma inda abin ya fi ƙamari shi ne ƙananan hukumomin Maigatari da Sule Tankarkar.

Ga mutumin Babura wannan ba labarin nesa ba ne. Sule Tankarkar ce maƙwabciyarsu ta gabas. Ta arewa kuma akwai Baure ta Jihar Katsina, daga nan sai iyakar Nijar. A daidai wannan lokacin Jihar Damagaram ita ma tana fama da tata annobar sanƙarau. Kasuwanni ɗaya ake ci, aure ake ƙullawa tsakanin juna, makiyaya da fatake kuma kullum suna kan hanya. Ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Duk shekara idan hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe, har zuwa zafin bazara, wannan barazana tana dawowa ga Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa. Tambayar da ke biyo bayan kowace annoba kuma ba ta sauya ba: me ya sa ake kai yaro asibiti bayan lokaci ya ƙure? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce jahilci, wasu kuma su ɗora laifin a kan addini. Tarihin shekaru 30 da suka wuce a Arewa ya nuna cewa lamarin ya fi haka zurfi.

Cutar da ke kama da bugun aljanu

Sanƙarau irin na annoba ƙwayar bakteriya ce ke haddasa shi. Mutane da yawa suna ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da ta yi musu komai ba, suna kuma yaɗa ta ta hanyar tari da atishawa da cunkoso a ɗaki ɗaya. Idan iska ta bushe, ƙura ta raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta samu ƙofar shiga jini, daga nan ta kai ga mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya, ya kumbura.

Alamomin su ne zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, sandarewar wuya, ƙin haske, ruɗewa da suma. A jarirai maɗiga takan kumbura. Cutar na iya kashe mutum cikin awa 24. Wanda ya tsira ba tare da magani da wuri ba yakan iya rasa ji, ko ya samu taɓuwar ƙwaƙwalwa.

To a sake duba waɗannan alamomi da idon uwar da ke ƙauyen da babu likita. Yaron da ya wuni yana wasa, da magariba ya fara sambatu, idanunsa suka kafe, jikinsa ya sandare, yana fizge-fizge, bai gane mahaifiyarsa ba. A al'adar Bahaushe wannan hoto yana da suna tun kafin a gina asibiti: iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa, ko maye ya kama kurwarsa. Don haka matakin farko shi ne hayaƙi da turare da rubutun sha, sai a kira mai ruƙiyya, wani gidan kuma boka.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana cin awoyi, kuma awoyin nan su ne jarin da likita ke buƙata. Allurar kashe ƙwayoyin cuta irin su Ceftriaxone tana aiki sosai idan an fara ta da wuri. Idan an kai yaro a kwana na uku ya rasu a gadon asibiti, labarin da ke komawa ƙauye shi ne "an kai shi asibiti ya mutu". Idan kuma an ɗebi ruwan ƙashin bayansa don gwaji, sai a ce ɗibar ruwan ce ta ƙarasa shi. Gida na gaba da cutar ta shiga sai su ƙara jinkiri. Haka camfi ke ciyar da kansa.

Akwai kuma rufin asiri. Gidan da ake zargin maita ko jifa ba ya son maganar ta fita, domin zargin yakan faɗa kan kishiya ko tsohuwar maƙwabciya, kuma yana iya hana 'yan matan gidan samun miji. A ƙaramin gari inda kowa ɗan uwan kowa ne, shiru ya fi sauƙi. An ga irin wannan shiru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yara sun yi ta suma suna mutuwa kafin ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano musabbabin, kuma tsoron kada a hana haƙar zinare ya sa wasu suka riƙa ɓoye mace-macen.

Sunan da ya tona asiri

Sunan shan inna kansa shaida ne. A aƙidar bori, Inna aljana ce da ake cewa tana shanye ƙafa ko hannun wanda ta kama. Sunan ya samo asali ne daga tsafin da malaman jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka yi wa'azi a kansa fiye da shekara 200 da suka wuce. Amma yau za ka samu mutumin da ke sallah biyar yana ƙin ɗigon riga-kafi da sunan kare addini, alhali bayanin da ya riƙe game da cutar daga bori ya gaje shi.

Wannan ya sa wajibi ne a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai addini, akwai kuma camfin da ya ari rigar addini ya saka.

A ɓangaren addini hujjojin ba ɓoyayyu ba ne. Hadisai ingantattu sun yi umarni da neman magani, sun kuma hana shiga garin da annoba ta ɓarke ko fita daga cikinsa, wanda shi ne killacewar da likitocin yau ke kira a yi. Lokacin annobar Amwas, Khalifa Umar ɗan Khaɗɗabi ya kama hanyar Sham, da ya ji labarin cutar sai ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. A nan ƙasar Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magunguna, har da na basir da ciwon ido. Babu inda addu'a ta hana allura, babu inda allura ta hana addu'a.

Duk da haka, ruɗanin yakan haura har fadar gwamnati. A annobar sanƙarau ta 2016 zuwa 2017, wadda ta kashe mutum sama da 1,100 a Najeriya, Zamfara ce ta fi jin jiki. A watan Afrilun 2017 gwamnan jihar na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta annobar da saɓon Allah da mutane ke yi, musamman zina. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito fili ya soki kalaman, yana mai cewa abin da ake buƙata shi ne a nemo allurar riga-kafi. Daga baya mukarraban gwamnan suka ce ba a fahimce shi daidai ba.

Bayanin masana kuwa a sarari yake. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Najeriya a 2011 nau'in A kaɗai take karewa, kuma ta yi nasarar murƙushe shi. Wanda ya ɓarke a 2017 nau'in C ne, jama'a ba su da garkuwarsa, allurarsa ta yi ƙaranci a duniya, sannan an yi jinkirin kai rahoto sama. Mafi yawan waɗanda suka mutu yara ne da ba su san mene ne zina ba. Hatsarin irin wannan magana shi ne tana mayar da cuta abin kunya, abin kunya kuma ɓoye shi ake yi.

Inda rashin yarda ya samo tushe

Zai zama rashin adalci a ce duk wanda ya rufe ƙofa ga ma'aikatan lafiya wawa ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A 1996 Najeriya ta fuskanci annobar sanƙarau mafi muni a tarihinta, mutum sama da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. A tsakiyar wannan bala'i kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana da ke Kano ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe yaran kuma ya bi ƙa'ida. Bayan doguwar shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

A wancan lokacin Jigawa shekara biyar kacal ta yi da fita daga tsohuwar Jihar Kano, kuma har gobe Kano ce babbar cibiyar jinya da kasuwanci ga mutanen Kazaure da Babura. Labarin da ya faru a Kano labarin gida ne.

Shekara bakwai bayan haka, a 2003, Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Najeriya, ƙarƙashin Dokta Ibrahim Datti Ahmad, ta yi zargin cewa ɗigon shan inna na ɗauke da sinadarin hana haihuwa. Abin lura a nan shi ne wanda ya jagoranci zargin likita ne da ya yi karatun zamani, ba malamin ƙauye ba. Lokaci ne kuma da Amurka ta mamaye Iraƙi, zukatan Musulmi cike da zargi. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da riga-kafin. Kano, ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau, ita ce ta fi daɗewa.

Sakamakon ya yi muni. Cutar ta bazu daga Arewacin Najeriya zuwa ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiya. A 2006 yaran da shan inna ta kama a Najeriya sun haura 1,000. Da yawa daga cikinsu yau samari ne da 'yan mata da ke rarrafe ko tura keken guragu a titunanmu.

Wasu abubuwan daga waje sun ƙara rura wutar. A 2011 aka gano cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta yi amfani da shirin riga-kafi na bogi a Pakistan wajen farautar Usama bin Laden. A ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan riga-kafi tara a wurare biyu a birnin Kano, galibinsu mata.

Sannan akwai tambayar da talaka ya daɗe yana yi, wadda har yau ba a ba shi amsa mai gamsarwa ba. Yaronsa na fama da zazzaɓin cizon sauro, ya je asibiti an rubuta masa magani ya saya da kuɗinsa. Matarsa ta zo haihuwa, an ce ya kawo safar hannu da auduga. Amma ɗigon shan inna, kyauta ake biyo shi da shi har gida, sau da yawa a shekara. Wannan gwamnati da ba ta damu da rijiyarsa ba, me ya sa ta damu da wannan ɗigo haka? Amsar kimiyya tana nan: cutar da ake son kawarwa daga doron ƙasa sai an bi kowane yaro. Amma inda ba a yi wannan bayani ba, jita-jita ce ke cike gurbin.

Yadda aka shawo kan lamarin

Abin da ya kawo ƙarshen ƙauracewar Kano darasi ne babba. Ba zagi ko barazana aka yi ba. An tura tawagogi, ciki har da malamai, zuwa ƙasashen waje suka ga yadda ake gwada maganin. Gwamnatin Kano ta amince da wanda kamfanin Bio Farma na Indonesiya ya haɗa, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya. A ƙarshen Yulin 2004 aka koma riga-kafi, kuma daga baya gwamnan ya bari aka ɗiga wa 'yarsa ta cikinsa a bainar jama'a.

Sinadarin da ke cikin kwalbar bai sauya ba. Hannun da ya miƙo ta ne ya sauya.

A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar III. Daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, kowa ya ɗauki alhakin yaran yankinsa. Aka ɗauki matan unguwa da aka sani suna shiga gida-gida, aka jawo ungozomomi da wanzamai da malaman tsangaya. Waɗanda shan inna ta nakasa suka kafa ƙungiyoyi suna bin ayarin riga-kafi, iyaye suna ganin abin da ake gudu da idonsu. Aka kuma buɗe sansanonin lafiya inda ake ba da maganin zazzaɓi da na gudawa tare da ɗigon, domin amsa waccan tambaya ta talaka. Saudiyya ma ta wajabta wa maniyyata daga ƙasashen da ke da cutar shan ɗigon, abin da ya kashe bakin masu cewa makircin Turawa ne.

A 2016 aka ga ƙwayar shan inna ta asali karo na ƙarshe a Najeriya, a Jihar Borno. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita.

Tsohon miki bai warke ba

Sai dai nasarar ba ta rufe babin ba. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan yaran da ba a taɓa yi wa allurar riga-kafi ko ɗaya ba, adadinsu ya haura miliyan biyu, kuma kaso mai yawa a Arewa suke. Wannan giɓi shi ya ba wani nau'in shan inna damar ci gaba da yawo a inda riga-kafi ya yi ƙaranci.

Shi ne kuma ya dawo da mashaƙo, cutar da matasan likitoci da yawa a littafi kawai suka san ta. Tun ƙarshen 2022 ta ɓarke, Kano ce cibiyarta, ta taɓa Jigawa da Katsina da Yobe, ta kuma bayyana a Matamaye cikin Jihar Damagaram a 2023. Mafi yawan yaran da ta kama ba a kammala musu riga-kafi ba, alhali allurar Penta da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14 tana kare shi, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati.

Da aka fara allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, Jigawa na cikin rukunin farko, sai tsohon zargin hana haihuwa ya sake tasowa. Bambancin kawai shi ne yanzu ba ya buƙatar mumbari. Saƙon murya na minti biyu a WhatsApp ya isa ya ratsa ƙauyuka goma kafin la'asar.

A ɗaya ɓangaren akwai labari mai daɗi. A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, wadda ke kare mutum daga nau'i biyar na sanƙarau, har da nau'in C da ya addabi Zamfara da Jigawa. Makamin ya samu. Abin da ya rage shi ne wa zai buɗe masa ƙofa.

Abin da ya kamata a yi kafin ƙura ta taso

Na farko, a daina ɗaukar mai ruƙiyya da mai maganin gargajiya a matsayin abokan gaba. Su ne ake fara kira, ko an so ko an ƙi. Idan hukumomin lafiya na ƙananan hukumomi suka zauna da su, suka koya musu alamomi uku kacal, zazzaɓi da sandarewar wuya da suma, suka kuma ba su lambar wayar da za su kira, to za a ceto awoyin da ake asara. Malamin da zai ce "a ɗauke shi zuwa asibiti yanzu, zan bi ku da addu'a" ya fi allon talla ɗari amfani.

Na biyu, masarautun Kazaure da Ringim suna da tsarin da ya yi aiki a yaƙin shan inna. Mai unguwa ya san gidan da aka yi haihuwa da gidan da aka yi rasuwa. Idan yara biyu suka mutu da cuta iri ɗaya cikin mako guda a unguwarsa, ya kamata rahoton ya isa ga jami'in sa ido kan cututtuka a ranar, ba tare da fargabar za a ɗora wa garin laifi ba.

Na uku, limaman Juma'a. Huɗuba ɗaya a farkon hunturu kan labarin Umar da annobar Sham, da bayanin cewa cuta jarrabawa ce ba tambarin zunubi ba, za ta cire kunyar da ke sa a ɓoye mara lafiya.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, yana wuyan gwamnati. Duk wa'azin da za a yi zai tashi a banza idan uba ya ɗauko ɗansa a kan babur cikin dare, ya yi tafiyar kilomitoci, ya tarar da asibitin a kulle ko babu allura. Boka yana nan awa 24, yana karɓar bashi, yana kiran mutum da sunansa. Asibitin da ke son ya karɓe masa jama'a sai ya kasance a buɗe, da ma'aikaci, da magani, da sakin fuska. Haka nan dole jami'an lafiya na Jigawa da Katsina su riƙa musayar bayanai da takwarorinsu na Magarya da Matamaye, duk yadda siyasar Abuja da Yamai ta kasance.

Ga iyaye kuma, abin da ake nema bai da yawa. A duba katin riga-kafin kowane yaro a gida, a cike abin da ya rage. A rage cunkoso a ɗakin kwana, a bar taga a buɗe. Idan zazzaɓi ya haɗu da sandarewar wuya ko suma, kada a jira gari ya waye. A yi addu'ar a kan hanya.